Ratar Ƙarƙashin Ƙofa Tana Cin Ribar Ƙungiya

'Yan'uwa manoma, yau ina so in yi magana a kan wani abu da wataƙila za ku ce bai isa a ɓata takarda dominsa ba. Ina nufin 'yar ratar nan da ke tsakanin ƙofar sito ko gareji da daɓen ƙasa, wadda kowa yake tsallakewa safe da yamma ba ya ko dubanta. Ra'ayina shi ne, kafin wata ƙungiya ta fitar da kuɗi ta sayi babban janareto, ko ta ƙara buhunan gawayi, ko ta ƙara maganin ƙwari, ya kamata ta fara gyara ƙofarta. Ga dalilaina.

A hunturun da ya wuce ƙungiyarmu ta tara kuɗi ta sayi 'yan tsaki 300. Wani ɗan'uwa a wajen Sabon Tasha ya ba mu aron garejinsa, gama ya daɗe da sayar da motar. Muka share, muka zuba ɗusar katako, muka sa kurfoti biyu na gawayi. Kwana uku lafiya lau. Da safiya ta huɗu muka tarar 'yan tsakin sun taru a kusurwa ɗaya can nesa da ƙofa, waɗansu sun danne waɗansu, muka kwashe matattu cikin bokiti. Aka kira taro. Wani ya ce gawayin ne bai isa ba. Wani ya ce wanda ya sayar mana ne ya cuce mu. Aka ƙara kurfoti na uku, kashegari kuwa aka sake yin hasara. A dare na shida ni ne da tsaro. Na shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da su na kwanta. Wajen ƙarfe uku na dare sanyi ya tashe ni. Da na miƙe tsaye sai na ji ɗakin da ɗumi, da na koma ƙasa sai na ji iska mai sanyi tana gudu bisa daɓe kamar ruwa. Ta ƙarƙashin ƙofa take shigowa. Mu da muke shiga mu tsaya a tsaye muna cewa ɗakin ya yi ɗumi, ba mu taɓa jin abin da ɗan tsako yake ji ba, shi da tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba.

Me ya kawo mu cikin gareji?

Mu da ke zaune kudu da kogin Kaduna mun san tarihin. Masaƙar Kaduna da ke Kakuri ta fara aiki a 1957, waɗansu masaƙu suka biyo ta, mutane suka zo daga ko'ina suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa da Television. Da aka rufe ta a 2002, waɗansu kuma suka bi bayanta, dubban magidanta suka koma ga fartanya da kiwo. Yau a Narayi, da Unguwar Romi, da Gonin Gora, har zuwa Maraban Rido da Kujama, gareji ya zama sito, ya zama ɗakin kaji, ya zama shagon sayar da kifi mai ƙanƙara. Ba laifi ba ne wannan. Amma fa mu tuna, ƙofar gareji an yi ta domin mota ne. Mai walda ya ɗaga ta sama da ƙasa da gangan don kada ta riƙa gogar siminti. Ya bar rata a tsakiya inda ƙyaure biyu suke haɗuwa. Mota ba ta jin sanyi, ɓera kuma ba ya cinta. Mu ne muka sāke aikin ɗakin, muka bar ƙofar yadda take.

Mu yi ɗan lissafi

A ce faɗin ƙofa mita biyu da rabi ne, wato santimita 250. A ce ratar ƙarƙashinta santimita 2 ce kawai, kamar kaurin babban yatsa. In ka ninka 250 sau 2 za ka sami murabba'in santimita 500. Wannan daidai yake da rami zagayayye mai faɗin santimita 25, wato kamar bakin ƙaramar ƙwarya. To, ɗan'uwa, da ka wayi gari ka ga wani ya huda bangon sitonku ya bar rami kamar bakin ƙwarya, ai ba za ka karya kumallo ba sai an toshe shi. Amma da yake ramin ya miƙe siriri a ƙarƙashin ƙofa, mun zauna da shi shekara da shekaru. Ba mu ma lissafa ratar tsakiya da ta gefe da ta sama ba.

Ga kuma yadda zafi yake gudu. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, saboda haka takan tashi sama ta fita ta kafofin rufin kwano. Sa'ad da ta fita, dole wata ta shigo ta maye gurbinta, wadda take shigowa kuwa ita ce mai sanyi ta waje, ta ƙarƙashin ƙofa. Da ka ƙara wuta, sai wannan juyawar ta ƙara ƙarfi. Shi ya sa kurfotinmu na uku bai cece mu ba. Ɗan tsako a makonsa na fari yana bukatar ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35 a inda yake tsaye, ana kuma ragewa kamar digiri 3 kowane mako. A Disamba da Janairu kuwa, daren Kaduna wani lokaci yakan sauka ƙasa da digiri 15. 'Yan tsakin da kansu sukan gaya maka abin da ke damunsu in ka lura. In sun cunkushe a gindin wuta, sanyi suke ji. In sun gudu daga wuta sun watsu jikin bango suna haki, zafi ya yi yawa. In kuwa dukansu sun koma gefe ɗaya na ɗakin, to, akwai iskar da ke korarsu daga ɗaya gefen. Namu sun yi kwana uku suna faɗa mana, mu ne ba mu gane ba.

Wuta ta yi tsada

Da, wani zai ce gawayi da kananzir nawa suke. Yanzu ba mai faɗin haka. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba. Kafin ƙarshen 2024 lita ta taɓa haura naira 1,000. A Afrilu 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki ga waɗanda ke rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan awo ɗaya, ko da yake an ɗan rage daga baya. Gawayi shi ma ya bi sawu, ga shi kuma kowane buhu itace ne da aka sare a dajin da muke kuka yana ƙarewa.

Turawa ma sai da suka ji a jikinsu kafin suka koyi wannan darasi. Sa'ad da farashin mai ya tashi a duniya a 1973, mutanen Amurka da Ingila suka lura cewa babban rabo na wutar da suke ƙonawa don ɗumama gidaje ta kafofin ƙofa da taga yake tsiyayewa. A 1976 gwamnatin Amurka ta kafa shiri na musamman domin taimakon talakawa su toshe kafofin gidajensu, suna manna roba a gefen ƙofofi da ƙarƙashinsu. Amma kada wani ya ce wannan hikimar Turawa ce. Kakanninmu sun riga su. Wa ya taɓa ganin manomi ya cika rumbu ya bar bakinsa a buɗe? Yakan rufe, ya shafe da laka. Da hunturu kuma tsohuwa takan saki tufaniya a ƙofar ɗaki ta danne gindinta. Da muka sami siminti da ƙofar ƙarfe sai muka ɗauka ƙarfe ya gama magana.

Abin da ya shafi zafi ya shafi sanyi. Ƙungiyoyin mata da yawa a nan suna da firiza ta kifi ko kaza ko ƙanƙara, a gareji take zaune. In robar bakin firiza ta bushe ko ta tsage, iska mai ɗumi tana shiga ba fasawa, inji yana ta aiki ba hutu, janareto yana ta shan mai. Ƙanƙarar da ke taruwa kauri-kauri a bakin murfi alama ce. In aka ɗauke wuta, irin wannan firiza takan narke da wuri. Haka kuma firjin da muke ajiye maganin rigakafin kaji, irin wanda ake yi a Vom. In ya yi zafi ya lalace, kwalbar kuwa ba za ta nuna ba. Sai ka ba kaji, ka koma gida da kwanciyar rai, cuta ta zo ta share su. Gwajin ba wuya. Ka sa takarda a bakin firiza ka rufe a kanta, ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta gaji, a sāke ta.

Ba iska kaɗai ke shiga ba

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta rata mai milimita 6, wato kaurin fensir. Babba kuwa rabin inci ya ishe shi. Ratarmu mai santimita 2 babbar hanya ce gare su. Abin da ɓera ya ci kaɗan ne a kan abin da ya ɓata da fitsari da kashi. Nan ne kuma maganar ta wuce kuɗi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ta fitsari da kashin wani irin ɓera yake kama mutum, ya kuma fi yawa da rani, daidai lokacin da sitonmu yake cike.

Da yawa cikinmu yanzu muna zuba wake da masara a buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Sirrinsa shi ne iska ba ta shiga, sai ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar wadda ta rage su mutu, ba tare da magani ba. Buhu ne mai kyau ƙwarai. Amma in ɓera ya huda ledar ciki sau ɗaya, ya zama buhu kamar kowane buhu, kuɗin da aka saye shi ya tafi. Wanda ya sayi buhu mai tsada ya ajiye shi a bayan ƙofa mai rata ya yi rabin aiki ne.

Masu kaji kuma su tuna cewa a nan Jihar Kaduna, wajen Jaji, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, a Fabrairu 2006. Tsuntsayen waje da ɓeraye da ke shiga ɗakin kaji su ci abincinsu suna iya kawo cututtuka iri iri. Da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ruwa yakan bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa buhunan da ke ƙasa, masara ta yi fumfuna, takin zamani ya dunƙule.

Abin da masu musu suke cewa

Na ji abu biyu a taro. Na fari, an ce robar ƙofa ta kanti daga waje take zuwa, tana da tsada, ba ta kuma jure ranarmu. Akwai gaskiya a ciki. Amma ba dole ba ne a saye ta. Tsohon tiyub na babbar mota yana nan wurin mai faci. Tsohon bel na inji yana nan a Panteka, ƙetaren kogi. Waɗannan sun fi ta kanti kauri.

Na biyu ya fi nauyi, ina kuma roƙo a karanta shi da kyau. An ce in an toshe ɗaki, kaji da mutane za su shaƙe. Wannan gaskiya ne in an yi abin ba bisa hankali ba. Gawayi da janareto suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan sa ciwon kai da jiri da barci, mutum ya wuce daga barcin. Sau nawa muka ji a rediyo an tarar da iyali duka sun mutu domin an kwana da janareto a cikin gida? Saboda haka ga doka wadda ba ta da sassauci. Kada a kunna janareto a cikin gareji, ko ƙofa tana rufe ko tana buɗe. Wurinsa waje ne, nesa da taga. Ɗakin da ake hura gawayi kuwa, ƙasa ake toshewa, a bar sama. A bar taga ko kafa a can kusa da rufi, a sa mata wayar raga, domin hayaƙi da warin kashin kaji su fita, iska mai kyau ta shigo ta gauraya da ɗumi kafin ta sauko kan 'yan tsaki. In ka shiga idonka ya yi yaji, iska ba ta isa ba, ka ƙara buɗe sama. Ni kaina da na kwana kusa da kurfoti uku a daren nan, wauta na yi. Kafofin rufin ne suka taimake ni. Mai tsaro ya riƙa leƙawa yana fita, kada ya kwana ciki.

Haka nan ƙwayar nan ta turara hatsi da ake kira Phostoxin. Ba ta aiki sai a wurin da iska ba ta fita, har kwana biyar zuwa bakwai, tururinta kuma yana kashe mutum kamar yadda yake kashe ƙwaro. Garejin da ya haɗa bango da ɗakin kwana ba wurin sa ta ba ne, kome kyawun ƙofarsa. Sito ma na hatsi yana son iska ta sama mai raga domin kada ya yi gumi. Abin da nake cewa ke nan, mu ne za mu zaɓi inda iska za ta shiga da inda za ta fita, kada mu bar wa kuskuren mai walda.

Yadda za a yi

Da tsakar rana mutum ɗaya ya shiga ya sa a rufe ƙofa. Duk inda ya ga haske, ya sa alama da alli. Da dare kuma a riƙe turaren tsinke kusa da gefen ƙofa, hayaƙin zai nuna inda iska take bi.

In ƙofar ta sunkuya ko ta karkace, a fara kiran mai walda ya miƙe ta, gama roba ba ta gyara karkatacciyar ƙofa. Sa'an nan birkila ya zuba dokin ƙofa na siminti, tudunsa kamar inci biyu, ta ciki, yadda ƙyaure zai jingina da shi in an rufe. A gangara daɓen waje domin ruwa ya bi can. A yanka bel ko tiyub mai faɗin yatsa huɗu, a ɗaura shi a gindin ƙyaure, a danne da siririn ƙarfe mai faɗi da noti, yadda zai riƙa shafar siminti kaɗan. Kada a dogara ga gam, rana takan sake shi. A tsakiya, inda ƙyaure biyu suke haɗuwa, a liƙa wa ɗaya ƙarfe mai faɗi wanda zai rufa kan ɗayan. A gefe a sa tiyub da aka ninka.

A lura da abu ɗaya. Roba tana tare iska da ƙura da ruwa, amma ɓera yana iya gaigaye ta. Abin da ke tare ɓera shi ne ƙarfe da siminti. Don haka a sito, ratar da ke tsakanin ƙarfen ƙofa da doki kada ta kai kaurin fensir, roba ƙari ce a kai. In ƙofar katako ce, a buga mata falle na kwano a gindi, tsawon ƙafa ɗaya. Ramukan da ke gefen bututu da gindin bango a cika su da siminti, ba da tsumma ba.

Mu da muka yi wannan, aikin yini ɗaya ne ga mutum huɗu. Zubi na biyu na 'yan tsaki da kurfoti biyu muka raine su, suka bazu ko'ina cikin ɗakin suna ci.

Abin da nake roƙon ƙungiyoyi

Matsalar kayan ƙungiya ita ce, abin kowa ba na kowa ba ne. Shugaba yana riƙe da taro, ma'aji da kuɗi, sakatare da littafi, mai sito da mabuɗi. Ƙofa ba ta da mai ita. In an sayi sabon inji kowa yakan gani, a yi tafi. Wanda ya toshe rata ba mai yi masa tafi, gama hasarar da ba ta auku ba ba a ganinta a littafi. Shi ya sa nake cewa a mai da shi doka, kada a bar shi ga mai son yi.

Kowace ƙungiya ta sa mutum biyu, namiji da mace, su duba ƙofofi da robar firiza sau biyu a shekara, a Oktoba kafin a shigo da amfanin gona hunturu ya sauko, da kuma a Afrilu kafin ruwa ya zauna. Su kawo rahoto gaban taro kamar yadda ma'aji yake kawo nasa. A ware kuɗin gyaran tun a farkon shekara. Sakatare kuma ya rubuta buhun gawayi nawa da lita nawa aka ƙona kafin gyara da bayan gyara, domin ƙungiya ta ga bambancin da idonta, kada ta dogara ga maganata. In wani ya kawo shawarar sayen babban janareto ko sabuwar firiza, a tambaye shi ko an riga an yi gwajin haske da na takarda. In ba a yi ba, a ɗaga maganar zuwa taro na gaba.

Kuɗin da ke cikin asusun ƙungiya guminmu ne, har da na gwauraye da tsofaffin ma'aikatan masaƙa da suka kawo 'yan nairorinsu suka ba mu amana. A taronku mai zuwa, kafin a karanta rahoton ma'aji, ku tashi dukanku ku tafi sito, ku shiga ku rufe ƙofa, ku dubi ƙasa.